Yadda na gyara zuciyoyin takarda masu fitowa a karkace

Ranar Asabar na zaunar da yaran gidanmu su yi katin dabbobi da siffar zuciya. Duk wadda suka yanka sai gefe ɗaya ya fi ɗaya kumburi. Kyanwar da Auta ta haɗa ta fito kamar mai ciwon haƙori, yarinya ta ɓare baki da kuka.

Laifina ne, na bar su suna zana zuciyar sukutum da hannu. Sai na ninke takarda biyu, na zana rabin zuciya a jikin ninkin, muka yanka a ninke. Ana buɗewa, ga gefe biyu daidai wa daida. Na yanko manya da ƙanana daga kwalin sukari, suna ɗorawa suna bi da fensir.

Babbar zuciya ta zama fuskar dila, tsininta ne hanci. Aka kwantar da wata ta zama kifi, ƙarama wutsiyarsa. Ɓera kuwa ko buɗe ninkin ba mu yi ba, zare kawai muka liƙa masa a baya.

Gam ɗin ruwa ma ya so ɓata mana aiki, yana yamutsa takarda. Yanzu da tsinken tsintsiya muke ɗiga shi, ɗigo uku, mu danne da littafi.