Atishawa da toshewar hanci a Legas: yadda nake fama da aleji a gida

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya ɗan jima a Ikko ya san abin da zan yi magana a kai, ka tashi da asuba lafiya lau, kafin ka idar da alwala atishawa ta kama ka, takwas goma a jere, hanci yana zubar da ruwa tsararo, ido ya yi ja yana ƙaiƙayi, har ganɗa da cikin kunne kana jin kamar ka sa yatsa ka sosa. Mu dai mura muke ce masa, sai a je kemis a kwaso maganin mura har da antibayotik, a sha kwana biyar ya ɗan lafa, sati na zagayowa ya dawo. Na yi shekaru a haka a nan Agege, da ya kama yarona na biyu ne hankalina ya tashi na kai shi asibiti, a nan likita ta ce mana wannan ba mura ba ce, aleji ne.

Ku fara rabe su tukun, don in ba a rabe ba duk sauran aikin banza ne. Mura ƙwayar cuta ce, tana zuwa da ciwon jiki da ɗan zazzaɓi, majina ta yi kauri, cikin kwana 7 zuwa 10 ta wuce. Aleji kuwa ba ƙwayar cuta a ciki, jikinka ne yake ɗaukar ƙura ko fumfuna a matsayin abokin gaba sai ya saki wani sinadari da ake kira histamin, shi ne mai kawo ƙaiƙayin da kumburin cikin hanci da atishawar. Ba zazzaɓi, majinar fara ce kamar ruwa, kuma yana iya kai wata biyu yana tafiya yana dawowa. Antibayotik ba ya taɓa shi ko kaɗan, asarar kuɗi ce kawai. In kuwa akwai zazzaɓi to a garin nan gwajin maleriya ake fara yi, kada a tsaya dafa citta.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne mu a Legas lokacinsa biyu ne. A gida arewa hunturu kawai muka sani, nan ma yana zuwa wajen Disamba da Janairu, iska ta kwaso ƙurar Sahara har bakin teku, bai kai na Kano ƙarfi ba amma nan yana haɗuwa da hayaƙin danfo da tirela da janareta sai ya zama wani abu daban. Na biyun wanda ya fi cutar da mu shi ne damina, musamman Yuni da Yuli. Danshin iska yana haura kashi 80 cikin 100, bango ya jiƙe, takalmin fata da jaka su yi fari-fari a cikin wadirob, wannan fumfunar ƙurarta muke shaƙa. Ga kuma wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani masu zama cikin katifa da filo da kafet, suna cin ɓurɓushin fatar jikin mutum, danshi ne abincin ransu, kashinsu ne yake tada atishawar asuba. Kyankyaso ma haka. Shi ya sa za ka ji mutum ya ce wallahi in na je Katsina garau nake, ina sauka Ikko hanci ya toshe.

To maganin da ya fi duk sauran a wurina, wanda in mutum zai ɗauki abu ɗaya kawai shi zan ce ya ɗauka, shi ne wanke hanci da ruwan gishiri. Mu ba baƙon abu ba ne a wurinmu tunda kullum muna shaƙa ruwa a alwala, wannan ƙari ne a kai. Ki samu ruwa rabin lita, wato daidai ledar fiya wata ɗaya, ki tafasa shi ya yi kamar minti 5 yana tafasa, ki sauke ki rufe ya huce har ya zama ɗumi-ɗumin da za ki iya ɗiga wa a bayan hannu. Ki zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, ba a tule ba, in akwai bekin soda ki ƙara rabin cokali don yana rage zafin da gishiri ke yi a hanci. Bekin soda na ce, ba bekin foda na kek ba, kuma ba kanwa ba. Tafasawar nan dole ce, kada ki ga ruwan rijiya ko na bohol ko na 'yan garuwa ya yi haske ki ce ai mai kyau ne, abin da ciki zai iya kashewa hanci ba zai iya ba.

Ki sayi sirinji babba mai mil 20 a kemis, ki cire allurar ki jefar. Ki zuƙi ruwan, ki sunkuya kan baho ko wurin wanke hannu, ki ɗan karkata kai gefe, baki a buɗe kina numfashi ta baki, sai ki tura ruwan a hankali ta ƙofar hancin da ke sama. Zai zagaya ya fito ta ɗaya ƙofar, wani ya gangaro baki ki tofar. Sirinji biyu ko uku kowane ɓangare ya isa, sannan ki fyace a hankali, kada ki toshe hanci ki fyace da ƙarfi don ruwan na iya tafiya kunne. Ranar farko za ki ji wani iri, kwana uku kin saba. Ni da hunturu safe da dare nake yi, na daren bayan na dawo daga kasuwa shi ya fi muhimmanci, in kika ga baƙin da ke fitowa ranar da aka sha gosulo a Oshodi za ki gane dalili. Kowa da sirinjinsa, a wanke a shanya bayan an gama, ruwan kuma na yini ɗaya ne, gobe a haɗa sabo. Mai ciwon kunne ya dakata sai ya warke. Mai azumi ya bari sai bayan shan ruwa. Jarirai da ƙananan yara ba a tura musu da sirinji, akwai ruwan gishiri na ɗigawa a kemis, ɗigo biyu kowane hanci.

Bayan wankin, in gefen hanci ya bushe ko ya tsage saboda yawan gogewa, man kaɗanya nake shafawa, wanda Yarbawa ke ce wa ori, yana nan kowace kasuwa. Tun a 1979 wani masanin magunguna a Jami'ar Legas ya gwada shi a kan masu toshewar hanci ya ga yana taimakawa, kakanninmu kuwa sun riga shi sani. Amma ɗan kaɗan a bakin ƙofar hanci, ba a cusa shi can ciki a kwanta ba. Man zafi irin su Robb a ƙirji ake shafawa, banda cikin hanci, banda jarirai. Tafarnuwar da ake nunawa a TikTok ana cusawa a hanci don Allah kada ku yi, majinar da kuke gani tana zuba ƙonewa ce hancin ya yi.

Sirace yana buɗe hanci na ɗan lokaci, musamman da dare in an kasa barci. Ruwan zafi a roba mai faɗi, a jefa ganyen na'a-na'a in akwai, a lulluɓa da tawul minti 10, fuska nesa da ruwan. Yara dai ban yarda a yi musu ba, ƙuna ta fi toshewar hanci muni, kuma yaro motsi ɗaya zai yi robar ta kife masa.

Yanzu maganar ɗaki, kuma nan ne mata za mu ɗan yi haƙuri da juna. Turaren wuta. Na san matsayinsa a wurinmu, ni ma da shi na tashi, amma ranar da na lura duk sanda na turara ɗaki da magariba yarona sai ya kwana yana tari, dole na zaɓa. Yanzu in zan yi, kaya nake turarawa a waje ko a baranda lokacin yana makaranta, in buɗe tagogi kafin ya dawo. Maganin sauro na ƙonawa shi kam na daina gaba ɗaya, gidan sauro ya fi, in an yi feshin fiya-fiya kuma a fita a ba ɗakin lokaci. Janareta a nisanta shi da taga, na san a gidan haya mai ɗaki-ɗaki wannan sai an yi da lallami tsakanin maƙwabta, amma a yi maganar, don hayaƙinsa ba atishawa kaɗai yake kawowa ba, yana kashe mutane cikin barci.

Kafet ɗin da ke manne da ƙasa a garin nan gidan ƙwari ne, in da hali a naɗe shi a koma leda ko tayil. Shara da busasshiyar tsintsiya tana tada ƙura ne ta sake zama kan gado, ki yayyafa ruwa tukun ko ki yi mofin, kayan ɗaki kuma da jiƙaƙƙen tsumma. Mai alejin kada ya zama shi ne mai sharar, in dole ne ya sa takunkumi. Zanin gado da rigar filo duk sati, kuma da ruwan zafi, don ƙwarin nan ruwan sanyi ba ya kashe su sai zafi ya kai wajen digiri 60, ni tafasasshen ruwa nake zubawa a bokiti in jiƙa su kafin in wanke. Duk ranar da rana ta fito sosai a fitar da katifa da filo su sha rana, hutun ruwan da ake samu a Agusta lokaci ne mai kyau na wannan. Fuka-fukin fanka ku duba su yau ɗin nan, za ku ga abin da take watsa muku duk dare, mai esi kuma ya ciro ragar ya wanke. A janye wadirob da gado daga jikin bango ko da tafin hannu ɗaya ne iska ta ratsa, inda bango ya yi baƙi a goge da ruwan bilic da aka sirka, taga a buɗe, kada a haɗa shi da wani sinadarin. Kayan da ba su gama bushewa ba kada a ninke su.

Masu fita nema, 'yan uwanmu na Mile 12 da Alaba Rago da masu okada da keke da masu ɗaukar kaya a Apapa, takunkumi da tabarau da hunturu ba ƙwalisa ba ce. In an dawo a cire kayan a waje, a yi wanka a wanke kai kafin a hau gado, mata a canza ɗankwali da hijabi, kada ƙurar titi ta kwana kan filo.

Sai abin sha, wanda na san shi kowa ke jira. Shayin citta da kanumfari da lemun tsami, in ya ɗan huce a zuba zuma cokali ɗaya, ina shansa kullum da safe a lokacin nan kuma yana kwantar da ƙaiƙayin maƙogwaro da tarin dare. Ɗanyar citta kamar girman babban yatsa a daddaka, kanumfari uku ko huɗu, a tafasa minti 10. Amma gaskiya tsakani da Allah sauƙi yake kawowa, ba ya cire aleji, wanda ya sha shayi ya koma ya kwanta kan filo mai fumfuna gobe da atishawarsa zai tashi. Zuma ba a ba yaron da bai cika shekara 1 ba, ko lasawa, mai ciwon suga kuma ya kiyaye. Habbatus sauda an yi ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna tana rage atishawa da toshewa, rabin cokalin shayi na man a rana ya isa, mai ciki da mai shan maganin hawan jini ko na tsinka jini su tambayi likita tukun. Mai olsa ya rage citta. Agbo, wato jiƙon gargajiya na Yarbawa, na kwalba da ake yawo da shi a tasha ba na ba yarana, don ba a rubuta abin da aka zuba ciki ba.

Ido kuma ruwan sanyi ne abokinsa. Tsumma mai tsabta a jiƙa da ruwan firij a ɗora kan rufaffen ido minti 5, ƙaiƙayin zai kwanta, a daure kada a murza. A ajiye kwalli sai an warke. Nono, ruwan suga, ruwan albasa, babu wanda ya kamata ya shiga ido. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne maganin ɗigawa mai sitiroyid da ake saye ba takardar likita, yana sa ja ya tafi nan take sai uwa ta yi ta ɗiga wa yaro wata da watanni, alhali yana iya kawo hawan jinin ido da yanar ido. Yaron da farin idonsa ya koma ruwan ƙasa yana yawan murzawa, asibitin ido za a kai shi.

In duk an yi wannan abin bai lafa ba, shan maganin asibiti ba gazawa ba ce. Piriton yana aiki amma yana sa barci, direba da ɗan okada da mai aiki da inji kada su sha da rana, su tambayi loratadin ko setirizin da ba su cika kawo barci ba. Maganin fesawa mai buɗe hanci nan take kada ya wuce kwana 3 zuwa 5, in ya wuce hancin sai ya riƙa toshewa fiye da da. Aleji da asma kuwa 'yan gida ɗaya ne, in kika ji ƙirjin yaro yana fito kamar usur, ko yana tarin dare kullum, ko haƙarƙarinsa na shiga ciki in yana numfashi, ko ya kasa ƙarasa magana, wannan ba na citta da zuma ba ne, a ɗauke shi zuwa asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne. Na Idi-Araba suna da LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, a kusa, mu nan muna da LASUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas, a Ikeja da asibitocin gwamnati na unguwa. Wanda aka riga aka ba inhela, wato abin shaƙa na masu asma, ya riƙa yawo da ita a aljihu, ta yarona ɗaya tana jakar makaranta ɗaya tana ƙarƙashin filona, kuma malaminsu ya san inda take.