Masu fentin ƙananan motocin roba, ga shawara kan ƙura da zafi

Assalamu alaikum 'yan uwa. A nan Katsina abu biyu ne ke ɓata mana fenti: ƙurar hunturu da zafin bazara.

Watan jiya na fesa wa wata 'yar Toyota ta roba ta kamfanin Tamiya, mai ma'aunin 1:24 (wato motar gaske ta ninka ta sau 24 a tsawo), jan fenti da tsakar rana. Da ta bushe sai jikinta ya yi kurji-kurji kamar bawon lemo. Dalili kuwa, zafi yana busar da fentin tun yana iska, kafin ya sauka ya kwanta. Yanzu da sassafe nake feshi, bayan na yayyafa ruwa a tsakar ɗaki don ƙura ta kwanta. Gwangwanin fentin ya kasance kamar santimita 20 zuwa 25 daga motar, a fesa sama-sama sau uku, ana ba da minti goma tsakani. Da an gama a kifa mata kwali mai tsabta.

In ta riga ta ɓaci, don Allah kada a taɓa ta da yatsa. A bar ta kwanaki ta bushe sosai, sannan a jiƙa samfefa mai lamba 2000 a goge a hankali, musamman a gefuna, don nan fenti ya fi saurin cinyewa. Sai a bi da man goge mota da tsumma mai laushi.

Tinar da masu fentin mota ke amfani da ita wajen tsinka fenti tana narka wannan robar. A fara gwada ta a kan ragowar sandunan da aka ciro sassan motar.