Babi na 6: Tsimi, Motsa Jiki da Biyan Bashin Gida

Darasi na 1: Shafin bashi

Iyayena da 'yan'uwana, kowa ya ɗauko littafin rubutu sabo, wanda yara ba su yi zane a cikinsa ba, ya haɗa da fensir da abin gogewa da rula. Fensir na ce, domin za a yi kuskure, kuma kuskuren fensir yana goguwa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka babu wanda zai yi wa wani dariya a nan, ba kuma dole ne ku nuna wa na kusa da ku abin da kuka rubuta ba.

Kowane bashi shafinsa daban. In mutum uku ne ke binku, shafi uku ke nan. Kada a cusa biyu a shafi ɗaya don tsimin takarda, wannan tsimin ba ya cikin wanda muke koyo. A can saman shafin ku rubuta sunan mai binku, da yawan kuɗin da kuka karɓa, da ranar da kuka yi alkawarin biya. Sannan ku ɗora rula ku ja layi uku daga sama zuwa ƙasa. Layi uku za su raba shafin gida huɗu. Ku ƙirga da yatsa ku gani: ɗaya, biyu, uku, huɗu. A kan gidan farko, wato na hannun hagu, ku rubuta RANA. Na biyu AN ƘARA. Na uku NA BIYA. Na huɗu, wanda ke can ƙarshe ta hannun dama, SAURA.

Gidan AN ƘARA ku bar shi haka nan tukuna, sai darasi na gaba. Yau aikinmu yana gidan SAURA.

Lambobin da za ku gani misali ne kawai, ku sa naku a madadinsu. A ce ana binku 6,000. Tun ba ku biya ko sisi ba, ku rubuta 6,000 a gidan SAURA, a layin farko. Ranar da kuka kai 1,500, sai ku sauko layi na biyu, ku rubuta kwanan wata a gidan RANA, ku rubuta 1,500 a gidan NA BIYA. To, a nan ne mafi yawan ɗalibai ke rufe littafi su ce sun gama, alhali da sauran aiki. Ku ɗebe 1,500 daga 6,000. Abin da ya rage 4,500 ne. Shi za ku rubuta a gidan SAURA, a kan wannan layin dai da kuka rubuta biyan.

Mu sake. Bayan mako biyu kun kai 500. Ku sauko layi na uku, kwanan wata, sai 500 a gidan NA BIYA. Daga wace lamba za a ɗebe? Da yawa sukan koma can sama su ɗebe daga 6,000, su sami 5,500, sai hankalinsu ya tashi, su ce bashi ya ƙaru bayan sun biya. Bai ƙaru ba, ido ne ya haura sama da yawa. Kullum daga SAURA ta ƙarshe ake ɗebewa, wato lambar da ke layin da ke saman wanda kuke rubutu a kai. Ku ɗora yatsan hagu a kan 4,500, ku bar shi a wurin, ku ɗebe 500. Saura 4,000. Ku rubuta, sannan ku ɗage yatsan.

Mu ƙara yi sau ɗaya, don hannu ya saba. Kun kai 1,000. Yatsa a kan 4,000. A ɗebe 1,000. Saura 3,000. A rubuta a gidan dama. Madalla. Wanda lissafi da ka ke ba shi wuya ya yi amfani da kalkuletar wayarsa, ba abin kunya ba ne, amma amsar dole ta shiga littafi, domin waya ba za ta riƙe muku ita ba.

A kula da sifiri. 500 sifiri biyu gare ta, 5,000 uku. In an manta ɗaya ko an ƙara ɗaya, lissafin shafin gaba ɗaya ya lalace. Bayan kun rubuta lamba ku karanta ta da baki, ku ji ko ita kuke nufi. Kuma duk lokacin da kuka biya ku karɓi rasit. In mai binku ba ya ba da rasit, ku miƙa masa littafin ya sa hannu a gefen layin, kusa da SAURA, ya zama ku biyun kun yarda da lamba ɗaya. Wasu na jin nauyin yin haka da ɗan'uwa ko maƙwabci. Na fahimta, amma rigimar da ke tashi bayan shekara, wannan ya ce saura kaza wancan ya ce a'a, ta fi wannan nauyin ɓata zumunci.

Darasi na 2: Kuɗin ruwa, da wanda za a fara biya

Wasu basussukan abin da kuka karɓa shi za ku mayar. Wasu kuma ana ɗora musu ƙari duk wata, shi ne kuɗin ruwa. Asalin abin da kuka karɓa kuwa shi ake ce wa uwar kuɗi. Idan kun ga wannan alama % a jikin takardar bashi, tana nufin kaza cikin ɗari. 10% na nufin 10 a kan kowane 100. Ku tambayi mai binku abu biyu, ku rubuta amsarsa a saman shafin: ruwan na wata ne ko na shekara, kuma a kan abin da ya rage ake lissafa shi ko a kan uwar kuɗin farko. Kada ku sa hannu a takardar da ba a karanta muku ita har ƙarshe ba.

A ce uwar kuɗi 10,000 ce, ruwa 10% duk wata. Ruwan wata ɗaya 1,000 ke nan. Ƙarshen wata ku rubuta 1,000 a gidan AN ƘARA. Yatsa a kan SAURA ta ƙarshe, 10,000. Ku tara da 1,000, ya zama 11,000. In 1,000 kuka biya, ku ɗebe, saura 10,000. Ku dubi lambar da kyau, inda kuka fara nan kuke. Mutum zai iya yin wata 12 yana kai 1,000 ba fashi, ya zuba 12,000, kuma har yanzu ana binsa 10,000 cif. Wanda ba ya cike gidan SAURA ba zai taɓa ganin wannan ba, zai yi ta zaton ya kusa gamawa.

Yanzu a ce 1,500 kuka biya. 11,000 a ɗebe 1,500, saura 9,500. In ruwan a kan abin da ya rage ake lissafa shi, na wata mai zuwa zai sauko 950. Wannan 500 da kuka ɗora a kan ruwan ita ce kaɗai ta taɓa uwar kuɗi.

Mai bashi da yawa ya ba kowa ɗan abin da aka yi yarjejeniya a kai, sannan duk rarar da ya samu ya zuba ta a kan bashi ɗaya har ya mutu, kafin ya koma na gaba. Hanya biyu ce sananna. Ko a fara da wanda ruwansa ya fi yawa, wannan ya fi rage asara. Ko a fara da mafi ƙanƙanta, don a ga shafi ɗaya ya rufe da wuri, zuciya ta ƙara ƙarfi. Ni dai in akwai mai ruwa mai tsanani, shi nake ba da shawarar a fara kashewa. In duk babu ruwa, ku fara da ƙaramin. In wata ya zo ba ku da abin biya, ku je ku faɗa wa mai binku tun kafin ranar ta cika, kada ku kashe waya ku ɓuya. Kuma kada a ci sabon bashi mai ruwa don a toshe tsoho.

Na duba littattafan wasunku bayan darasin farko. Gidan RANA ya cika, gidan NA BIYA ya cika, gidan SAURA fari fat. Haba dattawa! Sau nawa za a faɗa? Layin da babu SAURA a ƙarshensa ba a rubuta shi ba. Ku koma ku cike tun daga sama, layi bayan layi, yatsa a kan lamba, kafin ku juya wannan shafin.

Darasi na 3: Ina rarar za ta fito?

Ku juya littafin ku fara daga bayansa. A nan za a riƙa rubuta duk abin da aka kashe a gida, kowace rana, kafin a kwanta. Manyan abubuwa irin su haya da kuɗin makaranta kowa na tunawa da su. Ƙananan ne ke sulalewa: katin waya, data, lemon kwalba, sigari, abin taɓawa a hanya, kuɗin abin hawa zuwa inda ƙafa za ta kai. Abin da ake kashe wa 50 kullum, a kwana 30 ya zama 1,500, a kwana 365 ya zama 18,250.

In mako ya cika, ku zauna da mai gida ko uwargida, ku bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zama dole ku sa masa harafin D a gefe. Wanda sha'awa ce kawai ku sa masa S. Zaman lissafi ne, ba a taru don tonon silili ba, kowa akwai S a layinsa. Ku zaɓi S biyu ku daina su a mako mai zuwa. Biyu sun isa, wanda ya ce zai yanke duka a rana ɗaya ba ya cika mako.

Akwai inda tsimi bai shiga ba. Ba a rage abincin yara, ba a tsallake maganin da likita ya rubuta, musamman na hawan jini da ciwon suga, domin kwanciyar asibiti ta fi kowane bashi cin kuɗi. A dafa a gida, a auna daidai cikin mutanen gida don kada a zubar, a rubuta abin da za a saya kafin a fita, a tsaya a kansa.

Kuɗin da S ɗin nan suka bari, kada ya kwana a aljihu ya narke. Ku kai wa mai binku, ku karɓi rasit, ku buɗe shafinsa. Kun san sauran: kwanan wata, NA BIYA, yatsa a kan lambar ƙarshe, a ɗebe, a rubuta SAURA.

Darasi na 4: Tafiya a ƙafa

Motsa jiki ba ya buƙatar a biya kuɗin wurin atisaye ko a sayi kaya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako. Minti 150 shi ne minti 30 sau biyar. In 30 ta yi yawa a tashi ɗaya, a raba ta, 10 da safe, 10 da rana, 10 da yamma, duk ana ƙirgawa.

Matsakaici na nufin tafiya da sauri, wadda numfashi zai ɗan ɗaga, jiki ya yi ɗumi, kuna iya magana amma ba ku iya rera waƙa. In hanyar wurin aiki ba ta da nisa ku taka, in da nisa ku sauka kafin a iso ku ƙarasa da ƙafa. Kuɗin abin hawan da ya rage shi ma na bashi ne. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 10, ya riƙa ƙarawa a hankali. A sha ruwa, a kauce wa lokacin da rana ta take. In kun ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, ku tsaya nan take ku ga ma'aikacin lafiya. Mai ciwon zuciya da mai juna biyu su tambaya kafin su fara. Ku rubuta mintocin kowace rana a gefen shafin kashe kuɗi.

Darasi na 5: Ƙarfin jiki, gishiri da suga

Hukumar ta kuma ce a yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Ku zauna a kujera ku miƙe ba tare da dafa komai ba, sau 10. Ku dafa bango da hannu biyu, ku matso ku tura, sau 10. Gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin abincin da aka saya. A rage suga da kayan zaƙi.

Aikin gida: ana bin wani 8,000, babu ruwa. Ya biya 2,000, ya sake biyan 750. Ku ja gida huɗu ku cike su, ban da gidan AN ƘARA tunda babu ruwa, a zo da littafin ranar darasi.