Yadda Ake Gano Kuskure Idan Ɓangaren EJB Ya Ƙi Aiki a Matsayin Hidimar Intanet

A ɗauka wata ma'aikata a Yamai tana ajiye lissafinta a sabar guda (kwamfutar da sauran kwamfutoci ke neman bayanai a wurinta) da ke gudanar da manhajar Java, rassanta na Tawa ko Maraɗi kuma suna buƙatar isa ga wannan lissafi daga nesa. Tun fitowar Java EE 5 a 2006 hanyar ta sauƙaƙa: a sa wa ajin EJB (Enterprise JavaBeans, ɓangaren manhajar Java da ke aiki a kan sabar) alamar @Stateless da @WebService, sabar ta samar da takardar WSDL, wadda ke bayyana yadda ake kiran hidimar, da kanta. Idan abin ya ƙi, babban aikin mai gyara shi ne ya gano a wane mataki saƙon ya maƙale kafin ya taɓa layi ko ɗaya na manhajar, domin yawancin lokacin da ake ɓatawa yana tafiya ne wajen gyaran wurin da lafiyarsa ƙalau.

A fara da tabbatar da cewa ɓangaren ya hau sabar. A WildFly, ɗaya daga cikin manhajojin sabar Java, fayil ɗin da za a buɗe shi ne standalone/log/server.log, kuma kada a tsaya a layin farko na kuskuren. A gangara har "Caused by" na ƙarshe, don a nan ne ainihin dalilin yake. Idan ya ce bai ga ajin javax.xml.ws ko javax.xml.bind ba, a duba nau'in Java, saboda Java 11 ta 2018 ta cire JAX-WS da JAXB, kayan aikin da ke ɗauke da waɗannan azuzuwa, daga cikinta. Haka kuma Jakarta EE 9 ta 2020 ta mayar da sunayen javax zuwa jakarta, don haka tsohuwar manhaja a kan sabuwar sabar tana iya hawa ba tare da ƙorafi ba, amma sabar ba ta gane alamominta, hidimar kuma ba ta bayyana. A tuna cewa ƙa'idar EJB ta yarda da @Stateless da @Singleton ne kawai a wannan aiki, ban da @Stateful.

JAXB, wanda ke juya bayanan Java zuwa XML, shi ne ya fi kawo ciwon kai, kuma a ganina nan ya kamata a fi natsuwa. Yana buƙatar kowane ajin da zai bi ta hidimar ya kasance da konstrakta (aikin da ke ƙirƙirar abu daga aji) wanda ba ya karɓar komai, kuma JAXB ba ya iya sarrafa intafes (jerin sunayen ayyukan da aji ke cikawa). Idan aka saɓa, sai a ga IllegalAnnotationsException tun wajen ɗorawa. Ayyuka biyu masu suna ɗaya, abin da Java ta halatta, su ma suna karo da juna a WSDL, maganinsu kuwa shi ne a bai wa kowanne suna na daban ta operationName a cikin @WebMethod. Mafi wahala ita ce tura ajin rumbun bayanai kai tsaye. A ɗauka ajin Abokin Ciniki yana ɗauke da jerin rasitansa, kowane rasit kuma yana nuna mai shi: JAXB zai yi ta zagaye har ya ce "A cycle is detected in the object graph". Alamar @XmlTransient a gefe ɗaya tana kashe wannan, sai dai na fi ba da shawarar a ƙirƙiri ƙananan azuzuwa na musamman masu ɗauke da abin da reshe ke buƙata kaɗai, domin hakan yana rage nauyin saƙo a kan layin da ba shi da ƙarfi, yana kuma kawar da kuskuren LazyInitializationException na Hibernate, manhajar da ke haɗa Java da rumbun bayanai.

Idan ɓangaren ya hau, a buɗe adireshinsa tare da ?wsdl a ƙarshe, da farko a kan sabar kanta, sannan daga wata kwamfuta. In ya buɗu a gida amma ya ƙi daga Tawa, to WildFly yana sauraro a 127.0.0.1 kaɗai kamar yadda yake zuwa, sai an tayar da shi da -b da adireshin da ya dace, ko kuma katangar tsaro (firewall) ta toshe ƙofa 8080, wadda WildFly ke sauraro ta cikinta. Wani lokacin takardar tana buɗuwa amma kira ya ƙi. A gangara ƙasanta a karanta soap:address, in an ga localhost a ciki, manhajar reshe tana kiran kanta ne, sai a gyara wsdl-host a saitin sabar.

Daga nan a aika saƙo da hannu ta manhajar gwaji kamar SoapUI ko curl, a karanta lambar amsa. Lamba 404 adireshi ne ba daidai ba. Lamba 415 yawanci saɓani ne tsakanin nau'o'in SOAP, tsarin saƙon hidimar, wato SOAP 1.1 mai amfani da text/xml da SOAP 1.2 mai amfani da application/soap+xml. Lamba 500 kuwa tana nufin saƙo ya isa, kuma bayanin kuskuren yana cikin gurbin faultstring na amsar. Idan amsa ta zo amma wasu guraben babu komai, mai yiwuwa an sauya hidimar ba a sake samar da azuzuwan mai kira daga WSDL da manhajar wsimport ba.

Abubuwa biyu sun fi shafar mu a nan. Sunayen mutane suna ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, ga kuma é na Faransanci, don haka idan Ɗanjuma ya fito da alamar tambaya a farkon sunansa, a bi UTF-8 tun daga manhajar mai kira har zuwa rumbun bayanai. Na biyu, bayan ɗaukewar wuta, tsohuwar kwamfutar da batirin agogonta ya mutu tana tashi da kwanan wata na baya, sai ta ƙi amincewa da takardar shaidar HTTPS. A gyara agogo tukuna. Idan kuskuren ya ce "PKIX path building failed", a shigar da takardar shaidar sabar a ma'ajiyar Java ta mai kira ta hanyar manhajar keytool, sannan a sake tayar da manhajar.