Yadda Ake Zaɓen Kalmomin Ladabi Gwargwadon Mutum da Hali

Kalmar ladabi ta samo asali ne daga "adab" ta Larabci, kuma Bahaushe yana haɗa ta da kunya da kara da sanin girman na gaba. Wanda yake son ya iya maganar ladabi, abin da ya kamata ya fara koya shi ne duban wanda yake gabansa da halin da ya tarar da shi, sannan ya zaɓi kalmar da ta dace, domin abin da tsara zai faɗa wa tsaransa a zauna lafiya yana iya zama raini idan yaro ya faɗa wa dattijo.

Idan ka isa ƙofar gida, ka tsaya a zaure ka yi sallama, ka jira a amsa kafin ka ɗaga ƙafa. Mata da yawa sukan ce "gafaranku dai" yayin shiga, a amsa musu da "maraba". Mai zuwa shi yake fara sallama ga waɗanda ya tarar a zaune, ƙarami kuma shi yake zuwa gaida babba, ya cire takalmi, ya rusuna ko ya durƙusa. Da safe ka ce "ina kwana", daga rana zuwa yamma "ina wuni", sannan a tambayi gajiya da aiki da iyali. Amsoshin sanannu ne: "lafiya lau", "ba gajiya", "aiki da godiya". Ko da kana ɗauke da damuwa, ka amsa da lafiya tukuna, sai an gama gaisawa ka kawo abin da ke tafe da kai. Wanda ya tsallake gaisuwa ya faɗa kan buƙatarsa, ko a waya ne ko a saƙon WhatsApp, ya nuna cewa buƙatar ce ta kawo shi, mutumin bai dame shi ba, kuma manya suna lura da hakan ko da ba su ce komai ba.

A ganina babu kalmar da ta kai "sannu" faɗin aiki, shi ya sa ta cancanci a daɗe a kanta. Asalin ma'anarta yin abu a hankali, kamar yadda ake cewa "sannu a hankali", amma a gaisuwa tana nuna cewa ka ga halin da mutum yake ciki kuma ka damu da shi. Ka tarar da manomi a gona ko uwa a bakin murhu, sai ka ce "sannu da aiki". Baƙo ya sauka, "sannu da zuwa" ko "sannu da hanya". Wanda ya yi tuntuɓe ko ya ƙone a hannu, "sannu" kaɗai ta isa, a maimaita ta da sassanyar murya. Ga majinyaci a ce "sannu, yaya jiki?", shi kuma ya amsa "da sauƙi", mai dubiya ya ƙara da "Allah ya ƙara sauƙi". Amsar sannu ita ce "yawwa". Abin kiyayewa shi ne kada yaro ya jefa wa babba "sannu" tsirara yana wucewa a tsaye, sai ya haɗa ta da sunan girmamawa da abin da ake yi wa sannun, kamar "sannu da hutawa, Baba". Haka kuma a bambance ta da "barka", wadda ta fi dacewa da abin farin ciki, irin su haihuwa da sallah da tsira daga hatsari, inda ake cewa "barka da arziki". A gidan rasuwa kuwa ana tambayar "yaya haƙuri?", a bi da "Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri", a taƙaita magana.

Sai batun yadda ake kiran mutum. Ba a kama sunan babba kai tsaye. Wan uba ko ƙanensa Baffa ne, ɗan'uwan uwa Kawu, 'yar'uwar uba Gwaggo, wanda ya girme ka a ɗaki ɗaya Yaya, wanda ba ka sani ba kuma Malam ko Malama, ko Baba da Mama idan ya kai sa'an iyayenka. Maimakon "ka" ko "ki", ka yi amfani da "ku" ko "an": "Kun tashi lafiya?", "An dawo lafiya?" Wannan ɗan sauyi yana ɗauke da girmamawa mai yawa, musamman tsakanin mutum da surukansa. Alkunya ce ta sa mace takan ce "maigidan" ko "Malam" maimakon sunan mijinta, iyaye kuma sukan kauce wa sunan ɗan fari. Ga shugaba ko basarake ana cewa "ranka ya daɗe", ga mace "ranki ya daɗe", ga malamin addini "Allah ya gafarta Malam", a fada kuwa "Allah ya ja zamanin Sarki" tare da jinjina. Idan babba ya kira ka, amsar ita ce "na'am", ka kuma taso ka zo, kada ka tambayi dalilin kiran daga inda kake zaune.

Wajen roƙo ka fara da "don Allah", ka kuma tuna cewa sunan Allah ka ambata, saboda haka bai dace ka matsa wa mutum da ita a kan abin da ba zai iya ba. Idan aka ba ka abu, ka karɓa da hannun dama ko da hannu biyu, ka ce "na gode", ka ƙara da addu'a irin "Allah ya saka da alheri", tun da yaba kyauta tukuici ne. Yana da kyau washegari a sake cewa "an gode da ɗawainiyar jiya". Wanda ya tarar da kai kana cin abinci, ka ce masa "bismilla", idan ba zai ci ba sai ya ce "alhamdu lillahi, na ƙoshi".

"Yi haƙuri" tana aiki biyu, neman afuwa da lallashi. Idan kai ka yi laifin, ka ambace shi, ga babba ka ce "a yi haƙuri, na yi kuskure" ko "a gafarce ni", ba tare da jero uzurori ba. "Gafara" kuma ita ake faɗa idan ana neman hanya a cikin jama'a ko ana ɗauke da kaya a kasuwa.

Lokacin tafiya, baƙo ba ya miƙewa haka kawai, sai ya ce "to, zan koma", maigida ya yi godiya da ziyara, ya taka masa zuwa ƙofa ko bakin hanya, ya ce "a gaida mutanen gida", baƙon ya amsa "za su ji". Idan tafiyar mai nisa ce a ƙara da "Allah ya kiyaye hanya", idan dare ya yi kuma a rabu da "sai da safe, Allah ya tashe mu lafiya".