Yadda Ake Raba Fayilolin Heda na Kanel ɗin Linux da na Laburaren C

Duk wanda ya saba gina manhaja daga tushenta a kan Linux, wata rana zai ci karo da saƙon cewa an bayyana wani struct (tsarin bayanai a harshen C) sau biyu, ko an rasa wani fayil a cikin babban fayil ɗin asm. Sau da yawa tushen matsalar shi ne an cakuɗa heda iri biyu, wato fayilolin .h da ke bayyana wa manhaja ayyuka da tsarin bayanan da za ta yi amfani da su. Akwai na cikin gidan kanel, wato zuciyar Linux, waɗanda direbobi (manhajojin da ke sarrafa kayan na'ura) ke amfani da su, kuma suna canjawa daga siga zuwa siga ba sallama. Akwai kuma na zaure, waɗanda glibc (laburaren C na GNU) da sauran manhajoji ke tsayawa a cikinsu su yi magana da kanel. Manhajarka baƙuwa ce, iyakarta zaure.

Da farko, duba halin da na'urarka ke ciki:

ls -ld /usr/include/linux /usr/include/asm

Idan ka ga kibiya, alamar mahaɗi (symlink), tana nuna /usr/src/linux/include, to ga ɓarakar nan. Tsohuwar al'ada ce, kuma tun a shekarar 2000 Linus Torvalds ya ja kunnen mutane a kanta. Dalilinsa mai sauƙi ne: abin da ke /usr/include ya kamata ya dace da hedar da aka gina laburaren C da ita, ba da kanel ɗin da ka sauko da shi jiya ba. A Debian da Ubuntu kada ka tayar da hankalinka in ba ka ga asm a nan ba, a na'ura mai x86-64 yana ƙarƙashin /usr/include/x86_64-linux-gnu.

Na biyu, cire wannan mahaɗin, ka bar manajan kunshi ya mayar da na asali. Sunan kunshin linux-libc-dev a Debian, kernel-headers a Fedora, linux-api-headers a Arch. Ga mafi yawan mutane, aiki ya ƙare a nan.

Amma idan kana gina glibc da kanka, ko kana shirya tsari don wata ƙaramar na'ura mai ARM, sai ka fitar da hedar da hannunka. Roƙona ɗaya: kada ka kwafe babban fayil ɗin include ɗungurungum. Shiga cikin tushen kanel ka rubuta:

make mrproper
make ARCH=arm64 INSTALL_HDR_PATH=/opt/sysroot/usr headers_install

Wannan umarni ya shigo a siga ta 2.6.18 a shekarar 2006. Yana tace fayilolin, ya zubar da duk abin da ke ƙarƙashin __KERNEL__, alamar abin da aka keɓe wa cikin gidan kanel, ya bar abin da aka yarda na waje su gani. A siga ta 3.7, a ƙarshen 2012, aikin David Howells ya ware waɗannan fayiloli zuwa include/uapi, rabuwar ta fito fili. Lura da hanyar da ka bayar a INSTALL_HDR_PATH, domin umarnin da kansa zai ƙara include a ƙarshenta. Kuma kada ka nuna masa /usr na na'urar da kake aiki a kai. Ka tabbata akwai rsync, sababbin sigogi suna bukatarsa.

Daga nan sai ka nuna wa glibc wurin lokacin configure:

--with-headers=/opt/sysroot/usr/include

Da zarar an gama ginin, ka bar hedar nan yadda take ko da ka sabunta kanel sau goma. Manhajar da aka gina da tsohuwar heda tana aiki a kan sabon kanel, domin masu kanel sun riƙe alkawarin rashin karya wannan ƙofa da gaske.

Direba kuwa hanyarsa daban. Shi yana bukatar hedar cikin gida ta ainihin kanel ɗin da ke gudana, wato linux-headers a Debian ko kernel-devel a Fedora, kuma ana gina shi haka:

make -C /lib/modules/$(uname -r)/build M=$PWD modules

In kana shakkar inda wata manhaja ke ɗauko hedarta, ƙara -H a umarnin gcc. Zai jero maka kowane fayil da ya buɗe. Ka ga /usr/src a jerin, koma Makefile ɗinka ka goge zaɓin -I da ke nuna wa gcc wurin.