Yadda ake ɗaukar hoton dare da tsohuwar kyamara mai ido biyu

Duk sabon shiga da na gani ya fita da Rolleiflex ko Yashica Mat da daddare, wuri ɗaya yake tuntuɓe: ya yarda da ma'aunin haske. Ni ma nadin fim ɗina na farko, hotuna 12 cif, da aka wanke sai ga shi fayau kamar ba a ɗauki komai ba.

Fara da kafa kyamarar a kan ƙafa-uku mai nauyi. Kada ka ɗaure ta da ƙarfi, domin a Rolleiflex ramin ɗaurin yana jikin murfin baya ne, kuma yana lanƙwashewa. Juya saitin gudu zuwa B, wato saitin da ke barin idon a buɗe muddin kana danne, ka ɗaura igiyar latsawa mai makulli. Ba tsada gare ta ba, kuma yatsanka ba zai yi minti uku bai motsa ba. Abin daɗin shi ne madubin wannan kyamara a kafe yake, ba ya tsalle balle ya girgiza hoto.

Saita nisa don hoto ya fito sarai cikin duhu wahala ne. Ɗaga ƙaramin gilashin ƙara girma, ka nemi fitila mai nisa daidai da abin da kake so, ka saita a kanta. Hagu da dama a juye suke a gilashin kallo, za ka saba. In za ka sa matatar rage haske, a idon ƙasa ake sawa, na sama kallo kawai yake yi. Na taɓa ganin wanda ya sa a na sama.

To ga inda gizo ke saƙar. Da zarar lokaci ya wuce daƙiƙa 1, fim yakan fara kasala wajen shan haske, shi kuwa ma'auni bai san da wannan ba. A fim ɗin Ilford HP5 Plus, in ma'auni ya ce daƙiƙa 10, ba shi 20. In ya ce 30, ba shi kusan 86. In ya ce minti 1, minti 3 da rabi za ka tsaya. Ka ga ba ninki biyu ba ne kullum, gibin ƙaruwa yake yi. Rubuta lissafin a takarda, ka manna a jakar kyamara. In kana shakka, ƙara lokaci. Negatif, wato fim ɗin da ake wankewa, yana jure yawan haske, amma inuwar da ba ta ɗauku ba, babu mai wankin da zai dawo da ita. Wanda ba ya son lissafi ya sayi fim ɗin Fujifilm Acros, wanda ba ya buƙatar gyara sai an kai minti 2. Wajen faɗin buɗewar ido kuwa, ni dai f/11 nake tsayawa, ban ga dalilin wuce nan ba.

Latsa, kulle, duba agogo, saki. In mota ta hasko ka, tare idon ƙasa da baƙar hula har ta wuce, amma kada ka taɓa kyamarar. Ɗauki na biyu da ninkin lokaci, kuma ka juya fim nan take kafin ka manta.